Ruwan Talatin ga Fabrairu

Tun da na dawo daga Kano ƴan fadarmu ta hira ba su bar ni na sha shayi cikin salama ba. Wannan ya ce, "Mutari, wai da gaske ne aji guda ya yi maka dariya?" Wancan ya ce, "An ce yanzu kai ke gaya wa shef ɗinku kwanan wata." Na ba da labarin nan ya fi sau talatin, kuma kowane karo sai wani ya iso a makare ya ce a koma farko. To ga shi na rubuta. Duk wanda ya sake tambayata takarda zan miƙa masa, in ci gaba da kurɓar shayina.

Ga wanda bai san ni ba, ni ma'aikaci ne a wani biron noma, wato ofishin aikin gona, a nan Damagaram, aikina tattara lissafin ruwan sama daga ƙauyuka. Kowane ƙauye akwai gwangwanin awo da muka kafa a kan sanda, da mutum guda da ke duba shi bayan kowane ruwa, ya rubuta rana da yawan abin da ya sauka. A ƙauyen Hamdara malamin lakwal ne ke yi, wato na makarantar boko. Da aka ɗauke shi zuwa wani gari dab da damina, ni da bakina na ce a ba Baba Malam, mahaifin matata Hadiza. Dattijo ne da ko akuyar gidansa ba ta taɓa kama shi da ƙarya ba.

Damina ta wuce, littattafai suka iso, na kwafe lambobi na zuba a ordinatar, wato kwamfuta. Wata safiya shef, shugaban ofishinmu, ya leƙo ya ce, "Mutari, zo ka ga surukinka."

Na je na gani. Ƙauyukan Gouna da Dogo ruwansu ya sauka daga Yuni zuwa Satumba kamar na kowane Musulmi. Hamdara kuwa, in ji na'ura, ruwanta ya fara a Disamba, ya yi ƙarfi a Janairu, ya ɗauke a Maris. Kuma ba a bana ba, a shekarar 2045 da 2046. Shef ya ɗora yatsa a kan wani layi inda na'urar ta ƙi rubuta rana ma, ta sa haruffa biyu, NA, wato ba ta san wannan ba.

"Ka san abin da ya rubuta a nan? Talatin ga wata na biyu. Talatin ga Fabrairu, Mutari! Ranar da ba a halitta ba, a shekarar da ba ta zo ba, surukinka ya auna ruwa. Ƙarshen wata zan je Hamdara da kaina, in tumɓuke gwangwanin a gaban mai gari in ba wani."

Na kai wa Hadiza labari. Ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsoratar da ni. Ta ce, "Kai ka kai sunansa. Idan aka kunyata Baba a gaban gari, ka fara neman inda za ka riƙa cin tuwo."

Na ce, "To ki tambaye shi mana."

"In tambayi ubana ko ƙarya yake yi? Kai ka tambaye shi."

Ku kun san wannan ba magana ba ce. Shekara ashirin da biyu ina auren ƴarsa, ban taɓa ganin abin da ke sama da gemunsa ba. Idan aka ce in siffanta shi, yatsun ƙafarsa zan iya siffantawa dalla-dalla. Ta ina zan fara cewa, "Baba, ina ka samo wannan ruwan?"

Ana cikin haka aka ce akwai horo na mako guda a Kano a kan R, wato yaren da muke yi wa ordinatar magana da shi idan muna son lissafi, kuma darasin a kan kwanan wata da lokaci ne. Na roƙi shef ya tura ni, ya kuma ɗaga tafiyarsa Hamdara har in dawo. Ya sa hannu a takardar mishon, wato ta izinin tafiya aiki, yana cewa, "Je ka. Ko Makka ka kai shi, Fabrairu ba za ta yi talatin ba."

A tasha na fara karatun lokaci tun kafin in ga malami. Na isa da sanyin safiya, direba ya ce, "Yanzu za mu tashi." Na auna wannan yanzun da agogona, awa uku da minti goma ne. Da na yi ƙorafi ya ce, "Saura mutum ɗaya." Mutum ɗayan da ya zo kuwa wata Hajiya ce Bakanuwa mai fataucin man gyaɗa, ita da jarkokinta sun kai mutum biyar. Aka cusa ta kusa da ni, ta dube ni ta dubi jakar ordinatar da na rungume, ta ce, "Malam, jariri ne?"

Na ce, "Suruki ne, Hajiya."

Ta ce, "To riƙe shi da kyau."

Kafin Matamaye wata jarka ta fara zufa. Ban ankara ba sai a kan iyaka, da na zaro takardar mishon daga aljihu na tarar ta sha mai ta ƙoshi, ta koma kamar gilashi. Jami'in ɓangarenmu ya ɗaga ta sama, ya kalle ni ta cikinta, ya ce, "Takarda dai ban ga rubutu ba, amma na ga mai ita." Ya shinshina, ya ce man mai kyau ne, ya sallame ni.

A ɓangaren Najeriya abin ya fi armashi. Mu shida ƴan Nijar muka miƙa katinmu na dantite, wato na shaidar ɗan ƙasa. Jami'in, wani mai ƙaton ciki da fara'a, ya duba na farko, ya duba na biyu, ya dawo na farko. Ya kira abokin aikinsa. "Zo ka ga ikon Allah. Ɗaya ga Janairu. Ɗaya ga Janairu. Wannan ma ɗaya ga Janairu. Duk ku shidan rana ɗaya aka haife ku? Allah Ya ji ƙan ungozomar nan, ta ga aiki!"

Na yi masa bayani cewa mu da aka haifa a ƙauye ba wanda ya rubuta ranarmu. Idan ka je yin takarda sai a dubi haƙoranka a ƙiyasta shekara, a ba ka ɗaya ga Janairu kyauta. Ni an ƙiyasta mini 1970, ko da yake innata ta dage cewa a shekarar da rijiyar gari ta rufta ne. Ya ce, "To idan ranar ta zo ku gayyace ni, biki ɗaya ya wadatar da ƙasa guda."

Kano kuwa sai wanda ya gani. A nan idan ka tsaya bakin titi kabu-kabu ɗaya ke zuwa. A can kafin in sauke jaka, adaidaita sahu ɗari huɗu sun kewaye ni, kowa na rantsuwa ya san inda zan je alhali ni kaina ban faɗa ba.

An sauke mu a wani masauki, ɗaki ɗaya mutum biyu. Abokin ɗakina Malam Tasi'u ne, mutumin Rano, mai aikin lissafin allurar rigakafi. Da jin inda na fito ya miƙe tsaye ya ce, "Badamagare! An sake kawo mana hari ke nan? Kakanninka sun zo da bindigogi sun koma, kai ka zo da kwamfuta."

Na ce, "Kakannina sun koma ne don an ba su shayinku."

Ban faɗi haka a banza ba. Shayin Kano ba shayi ba ne, wanka ne. Ana kawo maka shi a kofin da za a iya yi wa jariri suna a ciki, fari fat da madara, ba kumfa ba ɗaci. Burodin kuwa laushi kamar matashin kai, ga zaƙi. Na gaya wa Tasi'u cewa namu dogo ne mai ƙarfi, kana iya ci da safe ka kori kare da ragowar da yamma. Amma gaskiya ɗaya ce, gurasarsu da ƙuli da yaji ta kama ni. Ranar farko na ci uku, na ce ina ɗanɗanawa ne.

Sai rigimar wuta. Cajata mai ƙafa biyu ce zagayayyu, bangon Kano kuwa baki uku gare shi masu kusurwa. Tasi'u ya ɗauko murfin biro ya tura a ramin sama, ya cusa cajar a na ƙasa, ya ce, "Haka muke karɓar baƙi." Na koma bakin ƙofa ina salati har na ga fitila ta kama.

Mai koyar da mu Malama Rabi ce, mace ƴar siririya da ba ta kai kafaɗata ba, amma idan ta ce "a'a" sai ka ji kujerarka ta ragu. Ranar farko ta ce mu yi aiki da kwamfutocinsu. Nan na gano cewa haruffansu ba a inda Allah Ya ajiye su suke ba. Inda na saba samun A sai in samu Q. Na rubuta layi guda, na'ura ta mayar mini da jan rubutu ya fi tsawon wasiƙar saki.

Ta fara da cewa kwamfuta ba ta san Litinin ba, ba ta san Janairu ba. Abin da ta sani ƙirga ne. Tana da rana ɗaya da ta kafa a matsayin turke, kowace rana kuma lamba ce, kwana nawa ke tsakaninta da turken. Shi ya sa za ka iya cire wata rana daga wata ka sami kwanakin da ke tsakani, kamar yadda kake cire buhu daga buhu. Ta ce kowa ya rubuta ranar haihuwarsa, ya umarci na'ura ta mayar da ita lamba.

Kowa ya sami dubbai. Tasi'u ya sami dubu uku da wani abu yana ta fankama. Ni na danna, na'ura ta ce: 0.

Na sake dannawa. Sifili.

Tasi'u ya leƙo ya fashe da dariya. "Malama, zo ki gani! Kwamfuta ta auna Badamagare ta ce ba komai!"

Malama Rabi ta zo ta duba, ta rufe baki da gyale. Ta ce turken da na'urorin duniya suke ƙirga daga kansa shi ne ɗaya ga Janairu na 1970. Na gyara zama na ce, "Kun ji dai. Duk wata kwamfuta da ke doron ƙasa, daga Sin har Amurka, daga ranar haihuwata take fara lissafi. Tasi'u, kai kwana dubu uku ne a bayana. Tashi ka kawo mini ruwa."

Rana ta biyu ta nuna mana wani ƙunshin kayan aiki da ake kira lubridate. Sunan kamar na maganin basir, amma yana da amfani. Kana gaya masa tsarin da aka bi, rana ce farko ko wata ko shekara, shi kuma ya karanta. Ta gargaɗe mu cewa idan shekara lamba biyu ce kawai, na'ura ba ta tambaya, cikawa take yi da kanta, ta ga 46 ta ce 2046. Ta kuma ce na'ura tana da agogon da ba na kowa ba, na duniya, wanda ke bayan namu da awa ɗaya, sai ka gaya mata garin da kake. Wannan na koye shi da cikina. Na biye wa lokacin da na'urar ta nuna mini, na fito cin abinci na tarar Tasi'u yana sakace da naman da aka ajiye mini. Ya ce, "A agogon Kano ka yafe."

Rana ta huɗu aka ce kowa ya kawo matsalar wurin aikinsa. Na haska lissafin Hamdara a bango. Wani daga bayan aji ya ce, "Malam, ka tambaye shi ko ya ga farashin gero na shekarar." Aka kwashe da dariya. Ni ban yi ba, don fuskar Hadiza nake gani a bangon.

Malama Rabi ta tsawatar. Ta ce, "Na'ura ba ta ƙarya, amma abin da ka gaya mata shi take maimaitawa. Wa ya rubuta?"

"Wani dattijo."

"Ka tambaye shi yadda yake rubutawa?"

"Malama, surukina ne."

Duk mazan ajin suka ce "Ayya" a tare, kamar an yi rasuwa. Ita kuwa ta ce, "To ina asalin littafin? Ba abin da ka kwafa ba."

Na buɗe hotunan shafukan da ke wayata. Ta ce, "Wannan rubutun ajamin da ke gefen kowane layi fa, me ya sa ba ka kwafe shi ba?"

Na ce na ɗauka addu'a ce. Ni ɗan lakwal ne, ajamina bai wuce na gane sunana ba.

Tasi'u ya fizge wayar ya matso da ita hancinsa. "Addu'a? Wannan Talata ce. Wannan Asabar. Sunayen ranaku ne, sifili." Ya ja shafi, ya tsaya. "Goma ga ɗaya, arba'in da shida. Ga abin da ya sa a gefe: Cika-ciki, an yi ruwa, tuwo ya jiƙe." Ya ɗago ya dube ni. "Kai, a Damagaram a Janairu kuke Cika-ciki?"

Wallahi na ji kamar an kwara mini randa guda. Wata na ɗaya Muharram ne. Arba'in da shida kuwa 1446 ce ta Hijira. Wata na biyu Safar, kuma Safar tana yin talatin ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Dattijo ya rubuta kwanan watan da ya sani tun yana yaro, wanda yake gani da idonsa a sama, ni kuma na miƙa wa na'ura na ce mata na Nasara ne. Ku da kuke dariya yanzu, ku tuna shef ma ya kalli lambobin nan mako biyu bai gani ba.

Gyaran bai zo da sauƙi ba. Malama Rabi ta sa muka nemo ranar boko da kowane watan Musulunci ya kama a daminar, muka yi ɗan jadawali, sannan na'ura ta ɗauki farkon wata ta ƙara masa kwanakin da Baba ya rubuta. Nan take ruwan Hamdara ya taso daga 2046 ya dawo gida, ya zauna tsakanin Yuni da Satumba. Na miƙe zan yi rawa ta ce in zauna. Ta sa na'ura ta faɗi sunan kowace rana, muka gwada da ajamin da Tasi'u ke karantowa. Wata guda cur ya goce da kwana ɗaya, don ranar da aka ga wata a wajenmu ba ita ce ta jadawalin Kano ba. Muka matsar da shi. Sai wasu layuka ƙalilan suka rage, dukkansu da alamar "dare" a gefensu. Tasi'u ya ce, "Ai wajen dattijo rana daga magariba take farawa. Ruwan da ya sauka bayan isha'in Alhamis, na daren Juma'a ne." Muka mayar da waɗannan baya da kwana guda. Da muka jera Hamdara kusa da Dogo, ranakun manyan ruwa suka hau kan juna kamar tafin hannu biyu.

Malama Rabi ta ce a gaban kowa, "Duk cikin littattafan da aka kawo mana makon nan, na dattijon nan ne kaɗai ya rubuta abin da za a binciki kansa da shi." Na ce ta maimaita in ɗauka a waya. Ta ƙi.

Ranar rabuwa na ba Tasi'u kilishin da na ɓoye masa tun zuwana. Ya ce, "Ka gaida mutanen 2046." Komowa ba wani labari, ban da cewa na zauna nesa da duk wata jarka.

Shef ya kalli zanen ruwan Hamdara da Dogo da na kawo masa ya fi minti biyar. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya ce, "To ai ni tun farko na yi zargin haka." Na ce, "Ƙwarai, shef, kowa ya shaida." Gwangwani ya tsira. Ya ce a bar dattijo ya ci gaba yadda ya saba, tunda yanzu na'ura ta iya yarensa.

Ranar Lahadi muka tafi Hamdara da Hadiza. Na tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, na tsuguna a gefen tabarma, ga dattawan unguwa huɗu suna zaune da shi. Ba wanda ya san abin da ya kusa faruwa, kuma na rantse ba za su ji daga bakina ba. Bayan gaisuwa, Baba Malam ya yi magana yana fuskantar ƴarsa, kamar yadda ya saba idan da ni yake.

"An ce maigidanki ya je Kano. Lafiya?"

Na ce wa tabarma, "Lafiya lau, Baba. Karatu aka tura ni."

"Karatun me?"

Na laluba ko'ina a kaina, ban sami wata amsa da ba za ta tona zancen ba sai guda. "Ƙirga kwanan wata, Baba."

Na ga yatsun ƙafarsa sun motsa.

"Har Kano? Da furfurarsa?" Ya numfasa. "Hadiza, shekara ashirin da biyu, ba ki taɓa gaya mini ba. Ai da ba a kai ga Kanawa sun ji ba." Ya gyara zama. "Ba komai, ba a girma da neman sani. Ce masa ya miƙo hannunsa."

Na miƙa, kaina a ƙasa. Ya kama ɗan ƙaramin yatsana ya lanƙwasa, a hankali, yadda ba zan ruɗe ba.

"Muharram," in ji shi.

Dattawa huɗu suka matso don su taimaka. Hadiza ta juya baya, tana danne dariya.

Na ce, "Muharram, Baba."

"Madalla. Yana da kai. Kawo na biyu."